Baƙon Abinci: Daga Kasuwannin Minna Zuwa Tukwanen Duniya

Babu wata al'umma a duniya da ke cin duk abin da ke ciyuwa a ƙasarta. Kowace tana zaɓar wasu tsirrai da dabbobi ta kira su abinci, ta bar sauran, ko da maƙwabtanta suna ci har da lashe hannu. Abin da ya faɗo wajen wannan zaɓi shi ne baƙon abinci, kuma mutum kan tsaya a gabansa da zuciya biyu: marmari na jan sa, ƙyama na riƙe shi. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya yi bayanin wannan hali tun 1976. Saniya ba ta da wahalar zaɓe, ciyawa ce abincinta. Shi kuwa mutum yana iya cin kusan komai, don haka dole ya riƙa gwada sabon abu domin kada yunwa ta kama shi ranar da wanda ya saba ya yanke, kuma dole ya riƙa tsoron sabon abu domin wani ganyen ko wani kifin guba ne. Tsoron ya fi ƙarfi ga yara daga shekara 2 zuwa 6, lokacin da suka fara yawo da ƙafarsu suna kai komai baki. Bincike kan ciyar da yara ya nuna cewa yaron da ya ƙi wani abinci yakan karɓe shi idan aka yi ta ba shi ya ɗanɗana, sau goma ko fiye, ba tare da tilas ba. Manya ma haka suke, sai dai su ba safai ake samun mai lallashinsu ba.

Minna gari ne da ya dace a duba wannan al'amari a cikinsa, saboda yadda ya tashi. Asalinsa mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Jirgin ƙasa ne ya buɗe shi. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, a 1907, ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911, daga baya layin da ya taso daga Legas ya haɗu da shi a nan. Aikin reluwe ya kawo Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo, kowa da iyalinsa da tukunyarsa. Zungeru, wadda ba ta da nisa, ita ce hedikwatar mulkin Turawa a Arewa a farkon ƙarni na 20, kuma a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, abin da ke nuna tun yaushe mutanen kudu suka kafa murhu a wannan yanki. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna babban birninta, sai ma'aikata suka ƙaru, sannan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka buɗe a 1983 ta riƙa kawo ɗalibai daga ko'ina.

Ana ganin sakamakon a Kasuwar Kure da Kasuwan Gwari da Tunga. Doya ce sarauniya, ana lodinta daga Paiko da Gwada da Kuta. Kifin banda na zuwa daga Shiroro da bakin Neja, shinkafa daga fadamun Bida. Mai kuka da kuɓewa busasshiya tana zaune kusa da mai agushi da ogbono da manja da jatan lande. Bakatsine ko Basakkwacen da ya tashi kan tuwon dawa da fura, idan aiki ya kawo shi Minna, ba ya daɗewa sakwara ta shiga jikinsa, ya koyi tuwon shinkafa da miyar wake irin ta Nufawa, har ya fara neman gidan amala. Wani lokaci ma abin da ya ɗauka baƙo tsohon sani ne. Ewedun Yarbawa ganyen lalo ne, wanda Bahaushe ya daɗe yana miya da shi, kuma shi ne Misirawa ke kira mulukiyya. Hannun mai girki ne kawai ya bambanta.

Akwai dai abubuwan da zaman tare bai gama kashe ƙyamarsu ba. Dodon koɗi abincin alfarma ne a kudu, da tsadarsa, amma Hausawa da yawa ba sa ko son ganinsa a faranti. Haka ƙaguwa, haka naman kaza na daji da ake tsinta da damina, haka burduddugin da ake kamawa a fadamun Arewa a busar a yi safararsa zuwa kasuwannin Yarbawa. Wanda ya fi duka jan hankali a Jihar Neja shi ne manimani. Tsutsa ce da ke cin ganyen kaɗanya, kuma jihar tana kan gaba a Nijeriya wajen yawan wannan itace. Da damina ta yi tsakiya tsutsotsin kan cinye ganyen bishiya, sannan su gangaro domin su shiga ƙasa su rikiɗa. A lokacin ne mata da yara ke fita da sassafe su tsince su a gindin kaɗanya. Ana tafasa su da gishiri, a shanya a rana har su bushe ƙayau, a auna da mudu a kai kasuwa, musamman a ƙasar Nufe. Busasshen manimani yakan yi watanni bai lalace ba, ana jiƙa shi a zuba a miya a madadin nama ko kifi, ko a soya da albasa da barkono. Wannan tsutsa ta kaɗanya sananniyar cima ce a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, kuma tana da 'yar uwa a Zimbabuwe da Botswana da ke cin ganyen itacen mopane, wadda cinikinta ke riƙe da gidaje masu yawa.

Bahaushen da ya yatsine fuska a gaban manimani bai kamata ya manta da fara ba. Daga Maiduguri zuwa Kano, daga Maraɗi zuwa Yamai, fara kayan marmari ce. Masu kamu kan fita da dare ko da asuba lokacin sanyi, sa'ad da jikinta ya mutu ba ta iya tashi. A zuba ta a ruwan zafi, a cire fiffike da ƙafafu, a shanya, sannan a soya a barbaɗe da yaji. Ga kuma shinge, da ke fitowa daga suri da dare bayan ruwan farko. A ajiye kwano da ruwa a ƙarƙashin fitila, su yi ta faɗawa ciki, da safe a gyara a soya su da man jikinsu da ɗan gishiri. Wanda ya tashi da waɗannan garɗinsu kawai yake ji. Mutumin Oaxaca a Meksiko zai gane tiren mai fara nan take, domin su ma suna soya tasu da lemun tsami da barkono. A Uganda watan Nuwamba lokacin nsenene ne, wata irin koriyar fara da ake tarawa da fitilu masu ƙarfi da kwanon rufi. Rahoton da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 2 ne ƙwari ke cikin cimarsu, kuma nau'o'in da ake ci sun haura 1,900.

Yawancin abincin da ake nunawa a matsayin abin al'ajabi na duniya, dabarar talaka ce ta ajiye abinci kafin zuwan firji. A Sin ana lulluɓe ƙwan agwagwa da toka da gishiri da farar ƙasa na makonni ko watanni, har farinsa ya koma ruwan ƙasa mai sheƙi, gwaiduwar ta yi kore mai duhu. Ƙwan bai ruɓe ba, ƙarfin tokar ne ya dafa shi a sanyi, irin aikin da kanwa da ruwan toka ke yi a girkinmu. A Aisland akwai wani babban kifin shak da ɗanyen namansa ke bugar da mai ci, sai suka koyi binne shi na makonni, su rataye shi watanni a iska har gubar ta fita, ya bar wari mai hawa kai. Mutanen arewacin Suwidin suna da kifin gwangwani mai tsami da ake buɗewa a waje saboda ɗoyinsa. A kudu maso gabashin Asiya kuma akwai durian, ɗan itace mai ƙaya da masoyansa ke kira sarkin 'ya'yan itatuwa, alhali an hana shiga jirgin ƙasa da shi a Singafo saboda hamaminsa.

Mai jin waɗannan labarai ya tuna da daddawa. Ana dafa kalwar ɗorawa sa'o'i masu yawa har ɓawonta ya saki, a sussuka a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku har ta yi yauƙi ta ɗauki wari, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Baƙon da ya wuce gidan da ake wannan aiki yakan toshe hanci, amma miyar kuka ba ta cika ba tare da ita ba. Ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa ita ce dai Japanawa ke amfani da ita su mai da waken suya natto, abin karin kumallonsu mai yauƙi da baƙi da yawa ke kasa haɗiyewa. Al'ummu biyu da ba su san juna ba suka kai ga dabara ɗaya. Haka abincin nan na Sikotland da ake kira haggis, wanda ake yawan zolayarsu a kansa: zuciya da hanta da huhun tunkiya ne a niƙa da hatsi da albasa a dafa cikin tumbi. Duk mai shan farfesun kayan ciki ba zai ga abin mamaki a nan ba. Faransawa, da ake yaba musu a harkar girki, suna cin dodon koɗi da cinyoyin kwaɗi a manyan gidajen abinci. Akwai kuma waɗanda da wuya a samo musu takwara a nan, kamar balut na Filifin, ƙwan agwagwa da ake bari ɗan tsako ya fara kama jiki a ciki, mako biyu zuwa uku, kafin a dafa.

Kwanon Bahaushe na yau ma cike yake da tsofaffin baƙi. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da dankali duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Kenan an yi zamanin da babu ƙuliƙuli, babu yajin barkono, babu tuwon masara, kuma an yi mutumin farko da ya daure ya kai su baki. Turawa sun daɗe suna zargin tumatir da guba, kuma a Faransa sai da wani mai suna Parmentier ya sha fama a ƙarni na 18 kafin jama'a su yarda dankalin Turawa abincin mutane ne. Gurasa da alkaki da taliya sun shigo Kano ta hanyar hulɗa da Larabawan arewacin Afirka. Shayi da burodi na zamanin Turawa ne. Dunƙulen Maggi a Suwizalan aka fara yin sa a farkon ƙarni na 20, yau ga shi yana neman ture daddawa a wasu gidaje. Awarar waken suya dabarar mutanen Sin ce mai daɗaɗɗen tarihi, ta bazu a Nijeriya daga shekarun 1980 lokacin da cibiyoyin binciken noma irin su IITA ta Ibadan suka duƙufa koya wa mata sarrafa waken. Taliyar leda Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a Japan a 1958, Indomie ta taso daga Indonesiya ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, yanzu kuwa da wuya a sami teburin mai shayi a unguwannin Minna irin su Bosso ko Kpakungu da babu ita. Shawarma ta zo daga Gabas ta Tsakiya, alhazai kuma sun dawo da son kabsa da mandi.

Abin da ya sauya a wannan zamani shi ne saurin gani. A da sai fatake da alhazai da sojoji ne ke dawowa da labarin cimar wasu ƙasashe. Yanzu matashi a unguwar Maitumbi ta Minna yana kallon mai soya gizo-gizo a Kambodiya ta YouTube ko TikTok, kuma finafinan Koriya sun sa 'yan mata neman taliyarsu mai yaji. Marmarin kansa abu ne mai kyau, domin wanda ya ci tuwon wasu yakan rage raina su. Illar tana ga yadda ake shirya yawancin bidiyon: a nuna abincin wata al'umma ana toshe hanci ana kakarin amai, ba a faɗi yunwa ko sanyi ko fatarar da ta haifar da shi ba. Bahaushen da zai ji zafi idan baƙo ya yi wa fara ko daddawa haka, ya kamata ya ji wa wasu. Kuma abin takaici ne a ce matashi ya san sunan cimar Koriya guda goma, bai taɓa tambayar maƙwabciyarsa Banufiya ko Bagwariya abin da ke cikin tukunyarta ba.

Ga Musulmi, waɗanda su ne akasarin masu jin Hausa, tambayar farko ita ce halacci. Alade da jini da mushe da abin da aka yanka don wanin Allah da duk abin sa maye, haramcinsu a fili yake, kuma wannan ya fitar da cimomi da dama na Turai da Asiya daga lissafi. Amma shari'a ta raba tsakanin haram da ƙyama. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman dabbu, wani dangin damo na hamadar Larabawa, sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, Annabi ya amsa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Fara kuwa halal ce, sahabbai sun ci ta a lokutan yaƙi, sai dai Malikawa, waɗanda mazhabarsu ta fi rinjaye a Afirka ta Yamma, sun sharɗanta a kashe ta da wani sababi kamar ruwan zafi, kada a tsinci matacciya. Sun kuma faɗaɗa a dabbobin ruwa, inda Hanafawa suka taƙaita ga kifi, shi ya sa ake samun Musulmin wata ƙasa suna gudun abin da na wata ke ci. Inda abu ya shige duhu, malami ake tambaya. Kiristocin Minna su ma sun san daga Linjila cewa fara da zumar jeji ne abincin Yahaya Mai Baftisma.

Tambaya ta biyu ta lafiya ce, kuma a nan tsoron baƙon abinci yana da hujja. Ibn Battuta, da ya isa babban birnin daular Mali a 1352, ya ci wani fate na wata saiwa mai kama da gwaza tare da abokan tafiyarsa. Su shida suka kwanta, ɗaya ya rasu, shi kuma ya yi wata biyu yana jinya. Yawancin cimar da ke da haɗari tana tafe da ilimin sarrafa ta, kuma wanda ya ɗauki cimar ya bar ilimin shi ke shan wahala. Rogo mai ɗaci yana da guba, jiƙo da matsa da suya ne ke mai da shi garin kwaki. Kifin fugu na Japan, dangin talibambam ɗin da masunta ke kamawa a kogin Neja, yana da guba mai kisa a hanta da ƙwansa, shi ya sa sai mai lasisi ke fiɗarsa a gidan abinci. A ƙasar Yarbawa likitoci sun gano cewa wata rawar jiki da tangaɗi da ke kama mutane da damina tana da nasaba da cin wata tsutsar siliki mai lalata sinadarin bitamin B1 a jiki. Naman kaza na daji ma akwai mai kisa da ya yi kama da na ci, ba a tsintarsa sai da wanda ya sani.

Naman daji yana da nasa haɗarin. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wani ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma ya fi yaɗuwa da rani, daidai lokacin ƙona daji da farauta. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gonar dabbobi a yankin Suleja cikin Jihar Neja, bayan hukumomi sun riga sun gargaɗi jama'a kan cin ganda da naman dajin da ba a san asalinsu ba. Ƙwari ma suna da nasu: farar da aka kwaso daga gonar da aka yi wa feshi tana ɗauke da maganin, suya ba ta fitar da shi. Wanda jikinsa ke ƙaiƙayi ko kumburi idan ya ci jatan lande ko ƙaguwa ya yi hattara da fara da shinge, domin sinadarin da ke tayar da cutar yana cikinsu su ma. Ƙa'idar matafiya ba ta tsufa ba: a ci a hannun waɗanda cimar tasu ce, a ci da zafinta, a fara da kaɗan.

Yayin da wasu 'yan birni a Nijeriya ke ganin cin ƙwari ƙauyanci ne, ƙasashe masu arziki sun juyo gare shi. Sama da rabin nauyin busasshiyar fara furotin ne, kuma kiwon ƙwari ba ya cin fili da ruwa da harawa kamar kiwon shanu. A 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wata tsutsar gari da kuma fara a matsayin abinci, ana niƙa su a zuba a biskit da taliya. A Tailan dubban manoma na kiwon gyare a cikin kwatami a bayan gida. A ƙasar Hausa da ƙasar Nufe har yanzu daji ake dogara da shi, don haka cimar tana bin lafiyar dajin. Manimani ganyen kaɗanya yake ci, ita kuwa kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma tana cikin itatuwan da masu gawayi suka fi sara a Jihar Neja saboda garwashinta yana daɗewa. Duk ƙauyen da kaɗanya ta ragu, man kaɗe da manimani tare suke raguwa a kasuwarsa.